Sabon Birni da Isa: Karan Shinkafa, Ragon Uwargida da Injin da Ke Neman Mai Juya Shi

Duk wanda ya shiga Sabon Birni ko Isa bayan kaka, kafin ya gama gaisawa da mutane idonsa zai kai kan rufin ɗakunansu. Harawar wake ce jibge a kan soro, ta gyaɗa a kan rumfa, wata kuma an cusa ta tsakanin rassan bishiya inda akuya ba za ta kai ba. A bayan gida ga karan gero da na dawa a tsaye, an jingina su kamar bukkoki. Baƙo daga birni sai ya ɗauka tarkace ne. Matan garin kuwa sun san kuɗi ne, domin abin da ke kan rufin nan shi zai nuna ko ragon da ke turke zai kai Babbar Sallah da ƙibarsa, ko kuwa tun watan Maris za a ja shi kasuwa a sayar a wulaƙance.

Hanyar daga Sakkwato ba ta da wuyar kwatance. A bi ta Acida, a wuce Goronyo inda madatsar ruwan da aka kammala a 1984 ta tare Gulbin Rima, sai hanya ta miƙa gabas zuwa Sabon Birni. Daga nan ta karkata kudu zuwa Isa, ta zarce Shinkafi a Jihar Zamfara. Akwai wadda ta fi ta kusa, mai zuwa Isa ta Marnona da dajin Gundumi, amma a watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe ta saboda 'yan bindiga, ta ce matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. Wannan kaɗai ya isa ya gaya miki irin ƙasar da za ki shiga.

Ƙasar Gobir ce, kuma tarihi a shimfiɗe yake a bakin hanya. Kufan Alkalawa, babban birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Birnin ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, Sarki Yunfa ya rasa ransa a can. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa, daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar ta yau. Wajen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya dawo ya kafa Sabon Birni. Shi ya sa iyakar da Turawa suka ja ba ta raba dangi ba. Zanen fuska ɗaya, harshe ɗaya, auratayya kuwa ba a magana. Ruwa ma bai san da iyakar ba: Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, sannan ya dawo Nijeriya ya zuba a Rima. Bunsuru da Gagare kuma su biyo ta ƙasar Zamfara su kawo nasu ruwan.

Gonakin iri biyu ne. Akwai tudu mai rairayi inda ake shuka gero, wanda mutanen nan suka fi kira hatsi, da dawa da wake da gyaɗa. Akwai kuma fadama mai laka a gefen gulabe, inda ake shinkafa damina da rani, da albasa da tafarnuwa, da alkama idan hunturu ya kama. Damina gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu. Sauran watannin shekara dabba ba ta da madogara sai abin da gona ta bari bayan an kwashe amfani. Manomin Gobir idan yana zaɓen irin wake, bayan ƙwaya har yawan ganyen da zai bayar yake dubawa.

Yawancin ƙananan dabbobin da ke cikin gidaje na mata ne. Tunkiyar da aka saya da kuɗin adashi, akuyar da uwa ta ba 'yarta lokacin tarewa, ragon da ake turkewa wata huɗu ko biyar kafin Layya. Jar akuyar nan ita ce ake kira ta Sakkwato a wannan gefen, ta Maraɗi a wancan, kuma fatarta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata suna fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Ita ce asusun uwargida. Zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare, akuya ce za ta biya kuɗin asibiti. An sa ranar bikin 'ya, rago ne zai koma gado da katifa.

Ki duba kuma inda Babbar Sallah ta faɗo a 'yan shekarun nan: 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025, kuma kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11. Ke nan watannin kiwon ragon Layya sun faɗa tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji, harawar kan soro ta kusa ƙarewa, dusa da ƙowa suka yi tashin gwauron zabo. Haka kuma za a ci gaba har wasu shekaru masu zuwa.

Sai abin da ba a iya tsallakewa idan ana maganar wannan yanki. A ƙarshen watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Dubban iyalai sun tsallaka jihar Maraɗi tun 2019. Ƙauyuka da dama sai sun biya harajin da aka ɗora musu kafin su girbe abin da suka shuka da hannunsu. A irin wannan hali, duk sa'ar da mutum ya ƙara a gona mai nisa da gari kasada ce. Hatsi ake fara kwashewa, a gurguje. Kara da harawa, masu buƙatar amalanke ta yi ta sawu, su ake bari a baya. Ga matar da mijinta ko ɗanta ke cikin gonar nan, maganar yadda za a tattara kara da sauri ta shafe ta fiye da yadda ta shafi injiniya.

Injin girbi ya sauƙaƙa hatsi, ya wahalar da kara

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya bunƙasa a Arewa, tare da shi kuma aka fara ganin ƙananan injinan girbi na haya a manyan fadamun Kebbi da Kano da Jigawa. Masu tafiya ne a kan sarƙar roba maimakon taya, irin na kamfanin Kubota da na ƙasar Sin. Injin ɗaya ne ke yanka, ya buge, ya sheƙe, ya zuba shanshera a buhu. Hekta guda da gayya za ta wuni a kai da lauje ba ta gama ba, shi sa'a biyu ko uku ta ishe shi. Duk inda shinkafa ta yawaita, ƙwadago kuma ya yi tsada ko ya zama haɗari, nan injin yake nufa, kuma fadamun Rima ba za su fita daban ba.

Amma akwai abin da masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Idan da hannu aka yi girbi, karan shinkafa wuri ɗaya yake taruwa, inda aka yi bugu, mai amalanke ya zo ya loda. Injin kuwa tofar da karan yake yi a bayansa, layi-layi, a duk faɗin gonar. Kuma ba kaɗan ba ne, don kusan duk nauyin shansherar da aka ɗauka akwai kwatankwacinsa na kara a ƙasa. Manomin da ke sauri ya gyara gona kafin ruwa ya sauka, ashana ce mafi sauƙi a wurinsa. Haka ya faru a jihar Punjab ta Indiya bayan injin girbi ya mamaye gonaki: duk watan Oktoba da Nuwamba ana cinna wa karan shinkafa wuta, hayaƙin ya haɗu da na motoci ya turnuƙe birnin Delhi har a rufe makarantu. Su can iska suke kuka da ita. A Isa ko Sabon Birni, abincin rago ne zai tashi a hayaƙi.

Maganin da aka ƙirƙiro shi ne injin ɗaurin kara. Yana da haƙoran ƙarfe masu juyawa da ke tsince karan daga ƙasa su tura shi cikin wani dogon akwati. A ciki akwai ƙarfe mai aiki kamar taɓarya a kwance, yana kai-komo yana danna karan sau 60 zuwa 90 a minti ɗaya. Idan ya cika, allura biyu su zagayo da igiya su ƙulle, dami ya faɗo ta baya mai kusurwa huɗu kamar bulo, kilo 15 zuwa 25. Akwai wani irin kuma da ke naɗe karan kamar tabarma. Amfanin a bayyane yake. Karan da amalanke za ta yi sawu uku ko fiye kafin ta kwashe, in an danne shi sawu ɗaya ne. Ana jera shi a ɗaki kamar tubali, ana ƙirga shi, ana sayar da shi ɗaya-ɗaya, kuma mace ɗaya tana iya ɗaukarsa.

To, tun da injin girbi ne ke zubar da karan, me zai hana a ƙulla masa injin ɗaurin a baya, a gama komai a shiga ɗaya? Duk wanda ya san halin da manoman gabashin Sakkwato ke ciki zai so hakan. Shiga ɗaya, fita ɗaya, ba sai an sake komawa gonar ba.

Matsalar ita ce ja daban, juyawa daban. Saniya ma tana iya jan injin ɗauri, amma jan ba zai sa taɓaryar ciki ta motsa ba. Sai an samu wani ƙarfi da zai riƙa juya ƙatuwar wilin ƙarfen da ke gabansa, wadda nauyinta ke taimaka wa taɓaryar a duk dannawa. A yadda aka saba a duniya, tarakta ce ke yin aikin biyu. A bayanta akwai ɗan guntun ƙarfe mai juyawa sau 540 a minti, a haɗa shi da injin ɗaurin da wata doguwar sanda, tana ja tana juya shi. Injin girbi ba shi da wannan ƙarfen a baya, don ba a ƙera shi domin ya ba wani ƙarfi ba. Nasa aikin ma cinye ƙarfinsa yake yi.

Wasu manoma a yammacin Ostireliya, iyalin Shields masu gonar Glenvar kusa da garin Wongan Hills, sun samo hanya. Sun ɗaura babban injin ɗauri a bayan injin girbin alkama, bel mai tafiya yana karɓar kara da ƙaiƙayi tun kafin su taɓa ƙasa ya miƙa masa. Ƙarfin juyawar kuma daga injin girbin ake ɗaukowa: famfo ya matsa mai ta cikin tiyo mai ƙarfi, man ya je ya juya wata 'yar na'ura a jikin injin ɗaurin. Wata riba da suka samu ita ce 'ya'yan ciyawar da ke damun alkamarsu suna shiga cikin damin maimakon su zube su sake tsirowa. Dabara ce mai kyau ƙwarai, a wurinta. Gonakinsu dubban hekta ne a shimfiɗe, busassu ƙayau lokacin girbi, injinansu masu ƙarfin doki ɗaruruwa, dami ɗaya kuma ɗaruruwan kilo ne, sai da tarakta ake ɗaga shi.

Yanzu ki kawo wannan hoton fadamar Isa. Gonar shinkafar rani fangali-fangali ce, da kunya tsakaninsu don riƙe ruwa. Injin girbin haya ƙarfinsa bai wuce na doki 70 ba ko kusa da haka, kuma cin nasararsa duka a kan juyawa yake a ɗan ƙaramin wuri, ya yi gaba ya yi baya. Ƙulla masa wani inji mai taya a baya kamar ɗaure wa mai iyo turmi ne a ƙugu. Ba zai iya kwana a fangali ba, tayoyin na bayan za su nutse a laka, ƙarfin da aka zara masa kuma zai rage masa bugu har shinkafa ta riƙa bin kara tana zubewa. Ga kuma babban dalili: karan shinkafa a ranar yanka ɗanye ne, da sauran kore a jikinsa. In aka danne shi a haka, cikin 'yan kwanaki zai ɗumama ya yi fumfuna. Sai ya sha rana kwana biyu ko uku. Wato ko da ƙarfin ya samu, shiga ɗayan nan da ake kwaɗayi ba za ta yiwu a shinkafa ba. Ni a ganina, duk wanda ya zo wa ƙungiyar manoma da wannan tsari a fadamar Rima, a ba shi ruwa ya sha a sallame shi.

Wanda ya fi kama da mu

Akwai tsohuwar hanya da ta fi dacewa da wannan ƙasa, wato a ɗora wa injin ɗaurin nasa ɗan injin a kansa. Haka ma aka faro. Injin ɗauri mai ƙulle igiya da kansa da kamfanin New Holland ya fara sayarwa a Amurka a 1940 da nasa injin fetur ya zo, abin da ke gaba ja kawai yake yi. Har gobe mutanen Amish na jihohin Pennsylvania da Ohio, waɗanda aƙidarsu ta hana yawancinsu shiga gona da tarakta, haka suke yi: dawakai ko alfadarai a gaba suna ja, ɗan inji a bisa yana juyawa.

Wannan hoton bai yi nisa da Gobir ba. Shanun huɗa suna nan, a arewacin Sakkwato har raƙumi ana sa wa garma. Ƙaramin injin ɗauri ƙarfin doki 15 zuwa 25 ya ishe shi, kuma inji mai wannan girman ba baƙo ba ne a garuruwan nan. Ɗan'uwan injin niƙa ne, mai bel da wili, wanda kowane gari ke da bakaniken da ya san cikinsa. Wannan kuwa babban abu ne. Tiyon mai na irin tsarin Ostireliya in ya fashe ranar girbi, sai an aika Sakkwato ko Kano, a kan hanyar da ba kullum ake binta ba. Bel in ya tsinke, a kasuwar gari za a samu.

Ba ma dole ne injin ya yi yawo a gona ba. Ana iya girke shi a bakin gari, inda ido ke gani, a kawo masa kara daga gonakin kusa a riƙa zuba masa da cokalin ƙarfe. Ga gonaki masu nisa kuma a ja shi a kai shi wuni ɗaya, a ɗaure, a loda, a dawo kafin la'asar. Ko ba komai, sawu ya ragu, kwanakin da za a yi ana zirga-zirga a daji sun ragu.

Saura mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Gas kuwa dama ya riga shi tsada. A wannan yanki an sha ƙarin wahala, don dokar tsaron 2021 da ta rufe hanyar Marnona ta kuma hana sayar da fetur a jarka, gudun kada ya kai ga 'yan daji. Manufar a fahimce take, sai dai mai injin ban-ruwa da mai injin niƙa su ma a jarka suke saye. Duk ƙungiyar matan da ke tunanin haɗa kuɗi su sayi inji, su fara lissafi daga nan: lita nawa yake sha a wuni, dami nawa yake fitarwa, nawa ake sayar da damin a watan Mayu, kuɗin igiya nawa. Igiyar ma ba kowace iri yake karɓa ba, sai wadda aka yi dominsa, kuma in ta yanke a kasuwa injin ya zama kwanta. Masu tambayar hasken rana kuma, faranti huɗu ko shida da ke ɗaga ruwa daga rijiyar fadama ba za su motsa taɓaryar nan ba. Tana buƙatar ninkinsu sau da yawa.

Akwai kuma wanda ba ya shan mai ko ɗigo. A Kenya da Habasha ƙananan makiyaya suna amfani da akwatin katako marar gindi, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. A shimfiɗa igiya biyu a ciki, a zuba ciyawa, mutum ya hau ya tattake, a ƙara, a sake tattakewa, a ɗaure, a zare akwatin ta sama. Damin bai kai na inji tauri ba, amma yana jeruwa, yana ƙirguwa. Kafinta a Isa zai haɗa shi a wuni ɗaya, kuma samari biyu da ke zaune a gida bayan makaranta za su iya aikin. Ga harawar wake da ta gyaɗa ma ya fi inji tausayi, don ganyensu in ya bushe da an taɓa shi da ƙarfi yake kakkaɓewa, kuma a ganyen amfanin yake.

Abin da uwa za ta riƙe

Ko wane iri aka kawo garinku, 'yar'uwa, ki san wannan. Sandar da ke juyawa sau 540 a minti, sau 9 ke nan a daƙiƙa ɗaya. In ta kama bakin hijabi, ko gefen zani, ko hannun babbar riga, kafin mutum ya buɗe baki ya yi ihu ta naɗe shi. A ƙasashen da suka daɗe da waɗannan injina, tana cikin abubuwan da suka fi raba manoma da hannu ko rai. Tana zuwa da murfin roba, amma in ya fashe ba kasafai ake mayar da shi ba. Bel da wili ma haka suke, kuma duk wadda ta taɓa kai markaɗe ta san yadda ake tattare mayafi a gaban inji. Wilin injin ɗauri kuma ko an kashe inji takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci saboda nauyinta. Yaran da ake aikawa kala a bayan inji, a ja musu kunne: ba a tsallake sanda, ba a sa hannu a ciro karan da ya toshe, ba a matsawa sai komai ya tsaya cik.

Kafin ki sayi dami, ki cusa hannu tsakiyarsa. In kin ji ɗumi ko warin ruɓa, ki bar shi. Kara mai fumfuna yana sa dabba rashin lafiya, kuma jiƙaƙƙen dami in aka jibge shi da yawa yana iya yin zafi har ya kama wuta da kansa. A jera shi a kan itace ko duwatsu saboda gara da danshi, nesa da murhu, kuma kada a tara duka a wuri ɗaya. Gobarar hunturu ba ta da sabo. In an kwance dami a tsince igiyar roba a adana, don akuya haɗiye ta take yi, ta taru mata a tumbi kamar leda.

Kada kuma a ruɗe ki da girman dami. Karan shinkafa cika ciki ne, sinadarin gina jikin da ke cikinsa wajen kashi 4 ne cikin 100, harawar wake kuwa ta ninka shi kusan sau uku. Ragon da aka bari da shi kaɗai zai rayu amma ba zai yi nama ba. Sai an haɗa da harawa da dusa da ɗan gishiri ko kanwa. Akwai dabarar da masana kiwo suka daɗe suna koyarwa ta ƙara masa daraja da takin yuriya: kilo 4 a narke a ruwa mai yawa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a danne a rami ko a leda a rufe ruf na mako uku, sannan a buɗe a bar shi ya sha iska kafin a bayar. Yana yin laushi, dabba ta fi cinsa, ta fi narkar da shi. Sai dai yuriya guba ce in dabba ta ci ta kai-tsaye ko ta sha ruwanta, kuma ba a ba jaki ko doki ko ɗan da bai daina shan nono ba. Karon farko ki nemi malamin gona ko na dabbobi ya tsaya a kai.

Wani abin da ke damuna game da injin girbi shi ne matan da ba su da gona. Shiƙa aikinsu ne, a hatsi ake biyansu, kala kuma haƙƙinsu ne da ba wanda ya taɓa rubutawa amma kowa ya sani. Gwauruwa da 'yar gudun hijirar da ta baro ƙauyenta ta zauna a makarantar firamare ko gidan dangi a cikin gari, da kwanon nan na shiƙa suke ciyar da yara. Inji ya zo ya haɗiye aikin a sa'a biyu. In har za a kawo shi, to cinikin karan da ya bari ya kamata ya faɗa hannunsu, tun daga tarawa da ɗauri har sayarwa. Ƙungiyar mata da ta mallaki akwatunan katako goma, ko ta yi haɗin gwiwa a kan ƙaramin inji ɗaya, ta mayar da wani abu daga abin da aka ƙwace.

Kara kuma yana da wasu masu jiransa. Tun kaka da kakanni, in an kwashe amfani makiyayi kan shigo da shanu su ci abin da ya rage, su bar wa gona taki, wani lokaci har manomi ya ƙara masa da damin hatsi don ya daɗe. A Nijar har yau hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara. Ranar da aka wayi gari an ɗaure komai an kai gida, garken da ya saba zuwa zai tarar da fili fetal, kuma yankin da ya sha abin da ya sha ba ya buƙatar sabon dalilin rigima. Wannan magana ce ta masu gari da ardo-ardo, a yi ta kafin inji ya iso.

Ita ma gonar tudu tana da rabonta. Rairayin Gobir in aka bar shi tsirara, iskar hunturu da ta farkon damina sai su kwashe samansa, su binne sabuwar shuka. Karan gero da aka bari kwance shi ke tare ƙasar, gara ta ci shi ta mayar taki. Dama karan gero da na dawa sun yi wa ƙaramin injin ɗauri kauri sai an daddatsa su, kuma ga danga, ga rufin ɗaki, ga wutar girki, duk suna jiransu. Wanda ake cinna wa wuta shi ne na fadama, na shinkafar rani, kuma a watannin Afrilu da Mayu yake fitowa, lokacin da ragon Layya ke tsaye a turke yana kallon soron da harawa ta ƙare a kai.